Kalma Ɗaya a Darasin Oktoba

Ku fara kashe wayoyin nan, ku kai su ɗakin can ku ɗora a kan gado. Ba zargin ɗayanku nake yi ba, haka nake sa 'ya'yan cikina ma su yi. Mamman, kai da ke kusa, tura ƙofar gidan. Kai ne ɗazu da muna cin abinci ka ce ka zaɓi tarihi a gwajin koyarwarku saboda ya fi kowane darasi sauƙi, mutum ya haddace jiya ya zuba yau, 'yan'uwanka suka yi dariya. Ku ɗalibai ne, daga Najeriya da Nijar kuka zo, in kun gama jami'a za ku koma gida. Ni a ƙasar nan aka haifi ubana. Kakana ne ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa zai je Makka, ya tsaya tsinkar auduga a yankin Jazira na ƙasar nan don ya tara guzuri, bai ƙara gaba ba. Na koyar da tarihi a makarantun sakandare na maza tun gashina yana baƙi har ya zama yadda kuke gani, to bari in gaya muku yadda aikin yake.

Darasina na farko a Omdurman na yi shi, a kan shigowar Turkawa Sudan. Na shirya kamar yadda Mamman ya faɗa. Na shiga aji na cika allo da shekaru da sunayen kwamandoji, ina faɗa yara suna rubutawa, babu wanda ya yi tari. Na fito ina ganin na burge. A kujerar baya akwai babban malamin tarihi na makarantar, Ustaz Mahjub, wani dogon mutum mai farar jallabiya wanda aka haɗa ni da shi ya koya mini aiki. Sai lokacin fatur, wato hutun karin kumallo, da malamai suka kewaye kwanon waken ful, ya tanka mini. Ya gutsuri burodi ya ce, "Harun, me ya kawo Turkawa ƙasar nan?" Na ce zinariya da mutanen da za su sa a soja. Ya ce, "Ka sani ashe. Yaran fa?" Na ce ai sun rubuta. Ya ce, "Hannunsu ya rubuta. Daga gobe kai za ka riƙa ɗaukar mini taswira."

Zangon karatu guda na yi ina biye da shi da taswirori a kafaɗa. Manya ne, masu yadi a baya, an naɗe su a jikin gora, wasu tun zamanin Ingilishi. Nan na koyi kayan aiki. Alli kala uku ya ishe ka: fari na magana, ja na hanyar mayaƙa, shuɗi na ruwa, don a ƙasar nan in ba ka zana Nilu ba, ba ka fara darasi ba. Tsumman goge allo a jiƙe ake ajiye shi, in ba haka ba 'yan gaba su sha ƙura. Sandar nuni ta gora ce, kuma ba a dukan yaro da ita, domin ranar da ka yi haka, duk sanda ka ɗaga ta zuwa taswira sandar za su kalla. Yana kuma da igiya da ya ɗaure daga wannan bango zuwa wancan, ana rataya kwali-kwali a jikinta, kowanne da abin da ya faru. Yaro yakan tashi ya taka da ƙafarsa daga sarakunan tsohuwar daular Marawi zuwa ranar 'yancin kai, ya ga tazarar da idonsa.

Yaƙin Karari kuwa bai taɓa koyar da shi a cikin aji ba. Mota yake nema ya kwashi yaran zuwa duwatsun da ke arewa da Omdurman, inda aka yi yaƙin. Ya jera rabinsu a bakin kogi a matsayin sojan Ingilishi, ya kai sauran can nesa a matsayin Ansar, wato mayaƙan Mahadiyya, ya ce su rugo. Kafin su kai tsakiyar fili sun fara haki. Sai ya ce, "Ku tsaya. Tun daga can inda kuka taso harsashi yake samunku. Yanzu ku gaya mini, me ya sa kakanninku suka fito fili da rana?" Gardama ta kaure, shi kuma ya zauna a kan dutse yana sauraro. In an dawo ya karanta musu abin da wani hafsan Turawa ya rubuta a kan ranar, sannan ya ba su labarin da tsoffin unguwa suke bayarwa, ya ce su nemo inda biyun suka saɓa. Wannan shi ne aikin. Shekarun da ake haddacewa, a mako biyun ƙarshe kafin jarrabawa muke tusa musu su.

Masu sayen hajar malamin tarihi kuma ba yara kaɗai ba ne. Akwai iyaye, kuma a Omdurman kowane gida da nasa tarihin. Ka ce wane ya ci amana a zamanin Mahadiyya, washegari jikansa yana tsaye a ofishin mudir, wato shugaban makaranta, da rawani da sanda. Akwai mai duba malamai daga ma'aikata, shi so yake ya ga ka kai shafin da ya kamata. Akwai jarrabawar ƙasa, ita ba ruwanta da dutsen Karari. Duk waɗannan mun iya da su. Wanda ba mu taɓa shiryawa ba shi ne mai sauraron da ba a gani.

Da sojoji suka karɓi mulki a tamanin da tara, makaranta ba ta canja a rana ɗaya ba. Abin da na fara lura da shi ɗakin malamai ne. Da can wurin gardamar siyasa ne, har a manta da kararrawa. Sai aka kawo wasu sabbin malamai matasa waɗanda suka dawo daga sansanin horo, in ɗayansu ya shigo hira ta koma kan ƙwallo da tsadar sukari. Taron safe ya zama na waƙoƙin yaƙi da kabbara. Fita da yara waje sai da izini, izinin kuma ba ya zuwa. Daga nan aka fara korar ma'aikata da sunan maslahar jama'a. Ba a gaya wa mutum laifinsa, cewa kawai ake yi ya zauna a gida.

Ustaz Mahjub yana tsakiyar darasi aka aiko mudir yana kira. Ya ajiye alli a bakin allo ya ce wa yaran yanzu zai dawo. Ni ina aji na kusa, ta taga na ga boksi a ƙofar makaranta, irin farar a-kori-kurar nan marar lamba da kowa ya san ta jami'an tsaro ce, waɗanda muke kira 'yan amun. Na gan shi ya hau baya tsakanin mutum biyu, yana riƙe da rawaninsa kada iska ta ɗauke. Rabin jimlar da ya rubuta ta kwana biyu a allon, babu yaron da ya yarda ya goge. A rana ta uku mudir ya ba ni ajinsa, ni na goge.

Watanni ya yi ba a san inda yake ba. Da aka sake shi na je gidansa bayan la'asar. Ya rame, kuma da hannu biyu yake riƙe kofin shayi. Bai ba ni labarin komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ya sa aka fito da taswirorinsa na gida ya ce in tafi da su. Da zai raka ni ƙofa ya ce, "Kada ka sake zuwa nan, Harun, ana kallon gidan. Kuma ka sani, abin da suka karanta mini a can, maganganuna ne na cikin aji, har da inda na yi dariya." Na ce wane ne? Ya ce, "Yaro ne. Ko an tsorata shi, ko an yi wa ubansa alkawari. Ka koyar kamar yana zaune a gabanka, don yana zaune." Bai sake riƙe alli ba. A shagon ƙanensa a kasuwar Omdurman ya ƙarasa rayuwarsa yana auna barkono.

Shekara ta gaba aka mayar da ni wata makaranta a Alsahafa, kudancin Khartoum. Lokacin na riga na tare nan unguwar Hajj Yusuf, kullum sai na hau hafila, wato motar bas, zuwa tashar Suk al-Arabi, in sake wata. Ita ce muguwar shekarata. An sauya littattafai. Wasu babuka sun kumbura, wasu sun tsuke. Igiyar nan da na koya wurin Ustaz Mahjub na kwance ta daga bango da kaina, don kwali na ƙarshe a jikinta kullum yana jawo tambayar me za a rataya a gabansa. Na daina ce wa yara su je su tambayi kakanninsu, domin yaro in ya tashi a aji ya ce "babana ya ce", ya miƙa ubansa ke nan. In na ji yaro zai fara haka, sai in tare shi da wata tambaya tun bai kai ƙarshen jimla ba. Wannan ma gwaninta ce, kuma ba a koyar da ita a kwalejin malamai.

Darasin da nake ta ja da baya da shi shi ne na Oktoban sittin da huɗu, lokacin da ɗaliban jami'a da likitoci da alƙalai da ma'aikatan jirgin ƙasa suka tsayar da ƙasa cik har gwamnatin soja ta farko ta sauka. Ni ina yaro aka yi, na tuna ganyen darbejiya da mutane suka riƙa ɗagawa a titi. A sabon littafi abin bai kai rabin shafi ba. Tsallakewa ba ta yiwuwa, yana iya fitowa a jarrabawa, kuma mai duba malamai zai tambaya. Na shirya shi yadda ban taɓa shirya darasi ba. Kowace jimla na auna ta a cikin hafila, na cire duk wata kalma mai kaifi. Na sa shi a hissa ta ƙarshe, wato darasin dab da tashi, lokacin da zafi ya kashe wa yara jiki.

Ina cikin rubutu a allo, na ba aji baya, na ji murya daga tsakiya. Na san ta. Walid ne, ɗan wani mai gyaran rediyo, yaro mai kaifin kai wanda ba ya iya riƙe tambaya a cikinsa. Ya ce, "Ustaz, sojojin wancan lokacin ma ai cewa suka yi ceton ƙasa suka zo yi. To mene ne bambancinsu da na yanzu?"

Ajin nan ya fi mutum sittin, amma har ƙarar fankar sama na riƙa ji. Ban juyo ba. Na ci gaba da rubutu don kada a ga fuskata, allin ya karye, na ɗauki guntun. Na ce, "Darasinmu ya tsaya inda littafi ya tsaya. Abin da ake ciki yanzu bai zama tarihi ba tukuna." Da Larabci na faɗa, kalmar da na rufe da ita kuwa ita ce lissa, wato tukuna. Na ga kamar na tsallake. Har na yaba wa kaina a hanyar gida.

Ba a yi mako ba mudir ya tare ni a ƙofa da safe. Bai kalli idona ba. Ya ce, "Ustaz Harun, ana nemanka a ofishin amun na yanki. Ka tafi yanzu, zan sa wani a ajinka." Na ce in fara zuwa gida in sanar? Ya ce, "Gara ka tafi da ƙafarka." Na ba mai shayin ƙofar makaranta saƙo, in yamma ta yi ba ta gan ni ba ta aika Hajj Yusuf a gaya wa matata Amna.

Gida ne kamar kowane gida, babu allo a ƙofarsa. Aka karɓi katin shaidata aka nuna mini benci a wani dogon baranda, fuska ga bango. Akwai wasu mutane a zaune, babu mai magana da wani. Tun safe har magariba ba wanda ya kira ni. Daga can ciki akan ji ƙofar ƙarfe, wani lokaci a ji abin da ba na so in kwatanta muku. Da magariba wani ya ce, "Gobe da safe." Haka na yi ta zuwa. Ba su taɓa ni ba. Kullum in fito gida, Amna ta sa mini riga biyu, ɗaya a kan ɗaya, ko da ba zan dawo ba. Duk sanda takalmi ya taho ta barandan nan, sai kowa a bencin ya daina numfashi har ya wuce.

Sai a mako na biyu aka shigar da ni. Hafsan matashi ne, ba zai wuce sa'ar ƙanena ba, da farar riga mai guga. Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya maimaita mini darasin Oktoba daga farko, da ka, har inda allina ya karye. Sannan ya ce, "Lissa, ya ustaz? Bai zama tarihi ba tukuna. Wato jira kake mu zama tarihi." Na ce ba haka nake nufi ba, a sana'armu ba a kiran abu tarihi sai ya daɗe. Ya ce, "Sai ya wuce dai." Na san duk abin da na ƙara zai zama wata kalmar.

Ya ce, "Wane yaro ne ya yi tambayar?"

Wanda ya san inda allina ya karye ya san sunan Walid. Ba sunan yake nema ba, so yake ya fito daga bakina. In na faɗa sau ɗaya, gobe ni ne zan riƙa kawo musu labarin ɗakin malamai, kuma ba ni da bakin ƙi. Na ce, "Ina rubutu a allo, na ba su baya. Ajin ya fi sittin." Ya ce, "Malami bai san muryar ɗalibinsa ba?" Na ce sabon zuwa ne ni a makarantar.

Ya jingina da kujera ya dube ni. Ya ce, "Harun. Ku Fallata ne, ko? Kakanka daga ina ya zo?" Fallata shi ne sunan da suke kiran irinmu, waɗanda kakanninmu suka zo daga yamma. Na gaya masa. Ya ce, "Abin mamaki. Baƙo yana koya wa 'ya'yan ƙasa tarihin ƙasarsu. Gobe ka zo da jinsiyyarka mu duba yadda aka yi ka same ta." Ku da kuke da fasfo da ƙasar komawa ba za ku san nauyin wannan maganar ba. Jinsiyya ita ce takardar zama ɗan ƙasa. In aka ce tawa tana da matsala, ta 'ya'yana ma ta samu, da makarantarsu, da gidan nan. Ni kuwa Haɗeja a taswira kawai na san ta.

Na kawo ta. Ya karɓa ya jefa a aljihun tebur, na koma benci. Kowane 'yan kwanaki a kira ni a yi mini tambaya ɗaya, in ba da amsa ɗaya: na ba su baya. Ban canja ko harafi ba, domin na san daga aikina cewa labarin da aka faɗa iri biyu shi ake tonawa. Wata rana da azahar, ba tare da wani bayani ba, aka miƙo mini jinsiyyata da takardar alkawari cewa ba zan sake fita daga manhaja ba. Na sa hannu. Har yau ban san abin da ya sa suka bar ni ba. Wataƙila bencin ake bukata.

Komawa ajin ya fi zaman bencin wuya. Yara suka miƙe suka gaishe ni, na dubi fuskoki sittin da wani abu, duk na yara ne, wasu ko gashin baki ba su fara ba. Walid ya koma layin baya. Na ji an je shagon ubansa an kwashe rediyoyin mutane, an ce za a bincika. Dole in juya in yi rubutu, kuma duk lokacin da na juya sai in ji tsakiyar bayana tana sanyi. Na ƙarasa darasin Oktoba da karanta rabin shafin nan daga littafi. Na ce akwai tambaya? Babu. Haka aka yi ta yi. Aji ya mutu.

Malamin da ajinsa ba ya tambaya ba ya aiki, albashi kawai yake karɓa. Sai na koma can nesa, inda babu wanda za a kama saboda shi. Na fito da taswirorin Ustaz Mahjub, muka shiga Marawi da maƙeranta, da yadda daular Soba ta rushe, da harajin da Turkawa suka ɗora wa masu noman bakin kogi har mutane suka bar gonakinsu suka gudu. Ba na kwatanta komai da komai. In na tambayi me ya sa mutane suka gaji da Turkawa, sai in bar shirun ya yi tsawo, in goge allon da ba ya bukatar gogewa. A hankali hannu ɗaya ya tashi, bayan kwanaki wani ya biyo. Abin da suka gane a ransu nasu ne, ni dai haraji na koyar. Na Walid bai sake tashi ba.

Ana saura kwanaki kaɗan jarrabawar ƙarshen shekara, ina tsaye a Suk al-Arabi ina jiran hafilar Hajj Yusuf, cikin turereniya da ihun 'yan kamasho, sai na ji mutum ya tsaya a gefena. Walid ne. Ba hanyarsa ba ce, biyo ni ya yi. Bai dube ni ba, yana kallon motoci kamar shi ma jira yake. Ya ce, "Ustaz, ka yafe mini." Na ce tambaya ka yi a aji, aikin ɗalibi ke nan. Ya ce, "Mun gano wanda yake kai magana. Mu huɗu muka sani. Sunansa..."

Na ce, "Rufe bakinka."

Ya juyo ya dube ni. Na ce, "In kun taɓa shi, boksi zai zo ya kwashe ku huɗun, wannan karon kuma ba benci za a ba ku ba. In ma kun yi kuskure, kun kashe yaron mutane da rai. Ni kuma nan da 'yan kwanaki zan zauna in gyara takardarsa. In na san shi, hannuna ba zai yi adalci ba, ko in danne shi don haushi, ko in ƙara masa don tsoro. Ka gaya wa sauran ukun haka na ce." Ya ce, "Ustaz, ba ka so ka sani?" Na ce ina so ƙwarai. Hafila ta zo, na kutsa na shiga, na bar shi a tsaye.

Aka yi jarrabawa. Na kwaso takardun ajin na kawo gida, na zauna a tsakar gidan nan, daidai inda Mamman yake zaune, na gyara su duka da jan biro ɗaya. Walid ya ci, da maki mai kyau. Ɗaya daga cikin takardun nan ta wancan yaron ce, kuma har yau ban san maki nawa na ba shi ba.